Yadda Na Kashe Irin Waken Malam da Bakina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, da wata Laraba da na miƙe gaban manoma sun fi hamsin na zubar da mutuncin malamina, alhali a zuciyata ina ganin kaina jarumin faɗar gaskiya.

A lokacin ban daɗe da gama difloma a fannin noma ba. Ni ɗan Gwarzo ne, kuma bayan na yi shekara guda ina zaman jiran aiki, Allah Ya sa na samu gurbin malamin gona a wata ƙungiyar manoma, a wani ƙauye da ke yankin Durun ta ƙasar Kabo. Aikin na gwaji ne, wata shida. In an ga amfanina a riƙe ni, in ba a gani ba in koma gida. Aka ba ni babur da jaka da malafa. Wallahi yadda nake shiga ƙauyen nan a kan babur ɗin, sai ka rantse ni na ƙirƙiro damina.

Amma akwai wani sirri da nake ɗauke da shi: ni da lissafi ba mu taɓa shiri ba. Tun daga firamare, da zarar na ga lamba a sama, layi a tsakiya, wata lambar a ƙasa, sai kaina ya ɗau zafi. Da hadda na tsallake duk jarrabawar da na tsallake. (Sai kuma wani bawan Allah da ke zama kusa da ni. Ba zan faɗi sunansa ba, yanzu babban mutum ne.) A makarantar koyon noma an koya mana gwajin iri: ka ƙirga ƙwaya ɗari, ka shuka a yashi mai danshi, ka jira mako guda, ka ƙirga waɗanda suka tsiro. Adadin da ka samu shi ne kashinka cikin ɗari. Ni kuwa rabin ƙarshen maganar na haddace. Ka ƙirga abin da ya tsiro, shi ne kashi. Shi ke nan.

A shekarar ƙungiya na neman irin wake mai kyau da za a shuka a tsakanin gero. Ni da bakina na ce musu na san inda za a samu. Akwai Malam Hashimu a Getso, malamin Islamiyya ne, dattijo, yana kuma noman irin wake da tsantsar kulawa. Ina ƙarami an kai ni Getso wurin kakata, a hannunsa na koyi alwala, a gabansa na fara biya Fatiha. Mutum ne da in ya auna maka hatsi sai ya ƙara tafi guda, don tsoron kada ya tauye ka. Alhaji Ado, shugaban ƙungiyar, ya yarda da maganata. Aka kawo buhunan iri aka jibge a wani ajin firamare da ba a amfani da shi. Alhaji Ado ya ce, "Malamin gona, kafin mu raba, yi mana wannan gwajin naku na boko, hankalin kowa ya kwanta."

Na samu wani tsohon daro na cika da yashi. Na fara ƙirga ƙwaya ɗari, sai na ga daron ba zai ɗauke su ba, kuma neman ƙarin daro wahala ne. Na yi layi biyar, kowane layi rami biyar. Ashirin da biyar ke nan. Na ce ai wake wake ne, ko ɗari ko ashirin da biyar duk ɗaya. (A nan ban yi laifi sosai ba. Laifin yana gaba.) Na ajiye daron a lungun ajin, kullum in zo in yayyafa ruwa.

Ranar da mako ya cika na durƙusa na ƙirga. Ashirin da biyu. Na sake ƙirgawa. Ashirin da biyu. Na ɗauko fom ɗin rubuta sakamakon gwaji, na nemo gurbin da ke da 'yar alamar nan ta kashi cikin ɗari, na rubuta 22. Sai da na rubuta na kalli lambar, sannan na gane abin da take nufi. An koya mana iri mai kyau ya kamata ya kai wajen kashi tamanin. Wannan ko kusa bai je ba. Wannan mataccen iri ne.

Kada ka tambaye ni ko ban ga daron ba. Na gan shi. Kore shar, ganye na gogar ganye. Amma takarda ta ce ashirin da biyu, ni kuma mutum ne mai girmama takarda. Har na ce wa kaina ai shi ya sa aka tura mu makaranta, don ido yana ruɗin mutum.

Kwana biyu na yi cikin tashin hankali. Abinci ya ƙi shiga, har Inna ta fara tambayata ko zazzaɓi ne. In na faɗi gaskiya, na tozarta Malam. In na goge na rubuta casa'in, mutane su shuka iri ya ƙi fitowa, damina ta wuce su, to ni za su nema, kuma sun san hanyar Gwarzo. Sau uku ina lalubo lambar Malam a waya, sau uku ina mayar da wayar aljihu. Me zan ce masa? "Allah gafarta Malam, irinka ya mutu"? Daga ƙarshe na yanke shawara: zan tsaya a kan gaskiya ko da za ta ci ni. Har tausayin kaina na riƙa ji, irin na mutumin da zai sadaukar da komai saboda amana. Na tsaya gaban madubin babur na gwada yadda zan yi da fuskata.

Ranar Laraba bayan la'asar aka taru a gindin darbejiyar da ke filin firamare. An fito da buhuna an jera, kowa ya zo da ƙwarya ko ɗan buhunsa. Maza a kan benci da tabarmi, mata a gefe guda. Ina kafe babur na hango farin rawani a kusa da Alhaji Ado. Malam Hashimu ne. Ashe ya biyo motar kasuwa tun daga Getso don ya ga an raba irinsa ya sa albarka.

Na je na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, barka da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ya aiki? Ya mutanen gida? Ya Innarka da ƙafa?"

"Da sauƙi, Malam. Ya ɗalibai? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, alhamdu lillahi." Ya dafa kaina, ya juya ga Alhaji Ado. "Alhaji, wannan a hannuna ya tashi. Ba ya ƙarya. Duk abin da ya gaya muku ku riƙe."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Aka yi addu'a, Alhaji Ado ya yi 'yar gajeriyar magana, sannan ya ce malamin gona zai faɗi sakamakon gwaji. Na miƙe. Na yi gyaran murya, na kau da kai daga inda Malam yake.

"Jama'a, na gwada irin nan kamar yadda ilimi ya tanada. Abin da ya tsiro kashi ashirin da biyu ne cikin ɗari."

Can wani daga baya ya ce, "To me ke nan da Hausa?"

"Ma'ana," na ce, "in kun shuka ƙwaya ɗari, ashirin da biyu ne kawai za su fito. Sauran sun mutu."

Ban san mutane na iya miƙewa lokaci guda haka ba. Salati ya tashi ta ko'ina. Wani manomi mai suna Ɗan'azumi, ƙato ne mai saurin fushi, ya yi jifa da ƙwaryarsa.

"Gerona ya kai gwiwa! Na bar wa wake wuri, na ƙi karɓar irin ƙanena saboda wannan! Yanzu ina zan samu wani? A kira motar a-kori-kura a kwashe buhunan nan a zube masa a ƙofar gida!"

"A ƙofar makarantar tasa za a zube, ɗalibansa su gani!" in ji wani.

"Yanzu har malamai?" Wannan wata murya ce daga cikin taro, ban ga mai ita ba, amma ita ta fi kowacce sukata.

Na saci kallon Malam. Bai motsa ba. Carbin da ke hannunsa ya tsaya cak. Fuskarsa ta yi wani iri, kamar an ƙara masa shekara goma. Ya dafa sandarsa ya miƙe a hankali, hayaniya ta ɗan lafa.

"Jama'a, ku yi haƙuri," ya ce. "Allah Ya sani ban kawo muku abin da na san matacce ne ba. Amma tunda yaron nan ya gwada, ba zan musa ba. Ku mayar min da kayana. Wanda na ɓata wa lokaci ya yafe min."

Dattijon da ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai gaban kowa ba, ga shi yana neman yafiyar mutanen da ya haifi wasunsu.

Sai Ɗan'azumi ya juyo kaina. "Kai kuma ai kai ka kawo shi! Bakinku ɗaya!" Mutum uku suka matso tare da shi. Na ja da baya har bayana ya bugi darbejiya. Na laluba makullin babur a aljihu, na hangi babur ɗin, sai na ga wasu mutum biyu sun jingina da shi. Duk addu'ar da Malam ya koya min ta neman tsari ta gudu, wadda ta zo bakina ita ce ta shiga banɗaki. (Na karanta ta haka nan. A irin wannan hali ba a zaɓe.)

"Ciyaman, a ba ni dama in yi tambaya."

Muryar mace ce, daga ɓangaren mata. Madam Rifkatu ce, malamar lissafi a ƙaramar sakandaren garin. 'Yar Kudancin Kaduna ce, ta shekara fiye da goma a ƙauyen, tana da 'yar gonar aro, shi ya sa take cikin ƙungiya. Rabin samarin da ke wurin sun ci bulalarta, don haka da ta miƙe aka saurara.

"Ƙanena," ta ce da ni, "ina abin da ka yi gwajin a ciki? Kawo mu gani."

Na shiga aji na ɗauko daron, na rungumo shi a ƙirji, ganyen wake na shafar haɓata. Na dire a tsakiyar fili. Wani tsoho da ake kira Baba Sule ya sunkuya ya leƙa, ya ɗago ya kalle ni, ya sake leƙawa.

"Yaro, wannan ne mataccen? To ni dai ban yi boko ba, amma in gonata za ta mutu irin wannan mutuwar, ina so."

Wani ya yi 'yar dariya. Ni kuwa wani sabon tsoro ne ya fara hawa min tun daga tafin ƙafa, wanda ya fi na Ɗan'azumi.

Madam Rifkatu ta tsuguna ta ƙirga da yatsa. "Ashirin da biyu, haka ne. Ƙwaya nawa ka shuka?"

"Ashirin da biyar."

Ta ɗago a hankali. Irin kallon da ta yi min, na tabbata shi take yi wa ɗalibin da ya rubuta sunansa ba daidai ba a takardar jarrabawa.

"Ashirin da biyar ka shuka. Ashirin da biyu suka fito. Nawa suka ƙi?"

"Uku."

"Uku kacal. To ina ka samo ɗari?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Bari in sauƙaƙa maka. Ashirin da biyar sau nawa za ta ba ka ɗari?"

Ka san dai na san amsar nan. Kowa ya sani. Amma ido sama da ɗari na kaina, sai na ji bakina ya ce, "Biyar."

"Huɗu!" mata suka haɗa baki, kamar 'yan aji.

Madam Rifkatu ta karɓi sandar Baba Sule ta zana da'ira huɗu a ƙasa. "Jama'a ku duba. Wannan daro ɗaya ne, ƙwaya ashirin da biyar. Da daro huɗu ya shuka, da ya cika ɗari. Kowane daro ya ba da ashirin da biyu. Ashirin da biyu sau huɗu?"

"Tamanin da takwas," in ji Alhaji Ado.

"Tamanin da takwas cikin ɗari. Irin nan lafiyarsa ƙalau, ya ma fi wanda na shuka bara." Ta juyo gare ni, ta sassauta murya, amma kowa na ji. "Ƙanena, kashi cikin ɗari ba ƙirga ba ne kawai, gwadawa ne. Abin da ya fito za ka ɗora a kan abin da ka shuka, ashirin da biyu bisa ashirin da biyar. Sannan ka tambaya, da ɗari ne fa, nawa zai zama? Ka raba na sama da na ƙasa, ka ninka da ɗari. In mutum ya shuka huɗu uku suka fito, kashi nawa ke nan?"

Ina cikin motsa leɓe Baba Sule ya ce, "Saba'in da biyar mana." Mutumin da bai taɓa zama a aji ba.

Dariyar da ta ɓarke a filin nan, na gwammace dukan Ɗan'azumi a kanta. Wata mata har da riƙe ciki. Shi kuwa Ɗan'azumi ya je ya zube gaban Malam yana ba da haƙuri, wasu suka bi bayansa. Malam ya ce ba komai, ba komai. Ya yi addu'a a kan buhunan, aka fara rabo. Amma ko sau ɗaya bai kalli inda nake ba. Da zai tafi, Alhaji Ado ya sa aka kai shi bakin titi. Na tsaya rungume da darona ina kallon farin rawanin har ya ɓace.

Alhaji Ado ya kira ni gefe. Na riga na ciro makullin babur zan miƙa masa.

"Mayar da shi aljihu," ya ce. "Ba yau zan kore ka ba. Amma abu biyu. Duk Asabar za ka je wurin Madam ta koya maka abin da ka tsallake. Kafin nan kuma, gobe, ka tafi Getso. In dattijon nan bai yafe maka ba, kada ka dawo min nan."

Washegari da hantsi na kama hanya. Tafiyar da na saba yi ba tare da na ji ta ba, ranar sai da na tsaya sau biyu a gefen titi, wai ina duba taya. Na samu Malam a zaure shi kaɗai, Alhamis ce ba karatu, yana tsince wake a faifai. Na yi sallama, ya amsa. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ya ci gaba da tsintarsa kamar ba kowa. Gwiwoyina suka fara zafi, ban isa in gyara ba.

"Allah gafarta Malam, na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ka." Ya ajiye faifan. "Kuskuren lissafi ba ya ba ni haushi, kowa na yi. Kuma da ka ga abin da ka ɗauka aibi ne ba ka ɓoye ba, wannan na yaba. Abin da ya dame ni, kwana biyu kana ɗauke da maganar nan, Getso ba ta yi maka nisa ba, amma ba ka zo ka ce min, Malam ga abin da na gani ba. Ka bar ni na ji a bainar jama'a. Ka san abin da na riƙa tunani a tsayen nan? Ina lissafin mutum nawa na ba irin nan a Getso, ina tunanin da wace fuska zan bi su gida gida."

Hawaye suka zubo min. Na ce, "Malam, tsoro ne."

"Tsoron nawa ya sa ka yanka ni a kasuwa?"

Sai ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani kaskon ƙasa cike da tsiron wake da ya fara yaushi.

"Kafin in ba ku irin nan ni ma na gwada. Arba'in na shuka, talatin da biyar suka fito. Gaya min, nawa ke nan da bokonku?"

Arba'in ba ta shiga ɗari daidai, dabarar daro huɗu ba za ta yi aiki ba. Na tuna abin da Madam ta ce, na sa yatsa a ƙasar zauren. Talatin da biyar sau ɗari, dubu uku da ɗari biyar. A raba da arba'in. Na yi, na goge, na sake yi. Amsa ɗaya take ba ni, kuma tsoron faɗarta nake, don ban ga yadda rabin wake zai tsiro ba.

"Malam... tamanin da bakwai... da rabi?"

"Tambayata kake ko gaya min kake?"

"Gaya maka nake, Malam. Tamanin da bakwai da rabi."

"Haka ne. Biyar ne suka ƙi. Biyar cikin arba'in tumuni ne, ɗaya bisa takwas. Tumunin ɗari sha biyu da rabi. Ka cire, me ya rage?" Ya girgiza kai, na ga gefen bakinsa ya motsa. "Mu da muke rabon gado da wannan muke kwana muke tashi. Da ka zauna ka kai wannan babin, maimakon ka gudu Gwarzo buga ƙwallo, da ba a yi haka ba. Tashi ka zauna sosai. Na yafe maka. Ka ci abinci kuwa?"

A ranar na ci tuwon da ya fi kowane tuwo daɗi a rayuwata, ina ci ina sharar majina.

Waken ya yi kyau a shekarar, kuma an riƙe ni a aiki, bayan na shafe Asabar goma sha ɗaya a kan bencin gidan Madam Rifkatu ina mayar da uku bisa biyar kashi sittin. Abin da na koya kuwa, ban da zuwa wurin mutum kafin a je wurin taro, shi ne lamba ita kaɗai ba ta da ma'ana sai ka san cikin nawa aka ciro ta. Matsalar dai ita ce abin ya zame min jiki fiye da kima. Kwanakin baya maiɗakina ta ce min, cikin fushi, "Sau goma ina gaya maka ka gyara ƙofar nan!" Kafin in ankara bakina ya ce, "Cikin nawa?"

Ashe akwai wuraren da ba a yin wannan tambayar. Wannan darasin kuma ba Madam ce ta koya min shi ba.